Yadda Ake Kwatanta Amon Fiyanon Tsaye

Fiyano biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya, a shekara ɗaya, da tsayi ɗaya, ba sa yin amo iri ɗaya. Katako ne da ulu da ƙarfe aka haɗa, kuma katako da ulu kowanne da halinsa. To ina ga wanda aka ƙera a Jamus a 1910 da wanda aka ƙera a Japan a 1985, ɗaya ya kwana a falon da ake hura wuta, ɗaya ya sha bugu a ajin makaranta? Duk da haka tambayar da mai son saye ya fi yi ita ce: Yamaha ya fi ko Kawai, tsohon na Turai ya fi ko sabon na Asiya? Tambaya ce mai kyau, sai dai ba a amsa ta da karanta sunan da ke rubuce a murfi. Abin da kunnenka ke ji idan ka danna maɓalli abu huɗu ne a cakuɗe: ɗakin da fiyanon ke ciki, saitinsa na ranar, halin da gudumominsa suke ciki, sannan ainihin gininsa. Uku na farko ana iya canja su da kuɗi kaɗan ko ma ba kuɗi. Na huɗun ne kaɗai aikin maƙerin, kuma shi za ka zauna da shi har abada. Duk aikin kwatanci shi ne ka ware na huɗun daga sauran ukun.

Fiyanon tsaye shi ne wanda tsirkiyoyinsa suke a miƙe daga sama zuwa ƙasa, ana jingina shi kusa da bango, saɓanin babban na kwance mai ƙafa uku da ake gani a dandalin kiɗa. Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro fiyano a Florence ta Italiya wajen 1700, amma na tsaye irin wanda tsirkiyarsa ke sauka har kusa da ƙasa sai a 1800 ya bayyana, a hannun John Isaac Hawkins a Philadelphia da Matthias Müller a Vienna, kowa a nasa ɓangaren. Robert Wornum na Landan ya gyara injin bugunsa a shekarun da suka biyo baya, kuma tsarinsa ne tushen wanda ake amfani da shi har yau.

Inda amon yake fitowa

Ka ɗaga murfin sama, ka cire allon gaba, za ka ga komai. Maɓalli 88 ne, kowanne da gudumarsa ta katako da aka naɗe wa matsattsen ulu. Tsirkiyoyin sun kai 220 zuwa 230, domin a tsakiya da sama kowane sauti tsirkiya uku ne ke ba da shi, a ɓangaren kauri kuwa biyu ne ko ɗaya, kuma an nannaɗe su da jan ƙarfe don su yi nauyi. Jan da suke yi gaba ɗaya yakan kai tan 15 zuwa 20, shi ya sa ake ɗaure su a kan firam na ƙarfen zubi. Alpheus Babcock na Boston ne ya yi rajistar firam na zubi guda a 1825.

Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wata murya. Wanda ya san goge ya san haka: izgar ba ta cika fili sai ta bi ta kan jaki ta girgiza fatar da aka ja a bakin ƙwarya. A fiyano ma akwai jaki, dogo ne na katako mai tauri, kuma a madadin fata akwai allon amo, wani siririn allo mai faɗi da ke bayan tsirkiyoyin, wanda ake yi da itacen sifurus na ƙasashe masu sanyi. Ba a shimfiɗe yake sarai ba, an ɗan tanƙwara shi ya yi doro wajen tsirkiyoyin don ya riƙa tura su suna tura shi. Idan doron nan ya faɗi saboda tsufa ko bushewa, sauti yakan fito da ƙarfi ya mutu nan take. Wannan ciwo ne na gini, kuma a fiyanon tsaye kuɗin maganinsa yakan fi kuɗin fiyanon.

Guduma kuwa ita ce mai canja hali. Ulu mai tauri yana taɓa tsirkiya ya janye da sauri, sai ƙananan sautuka na sama da ke ɓoye cikin kowane sauti su fito fili, amon ya yi kaifi. Ulu mai taushi yana ɗan daɗewa a jikin tsirkiyar, ya danne waɗannan, amon ya yi sanyi da zurfi. Shekara da shekaru na bugu suna dankare ulun, tsirkiya ta yi masa tsaga uku a baki, bakin ya baje. Daga nan fiyanon da ya fito masana'anta da murya mai daɗi sai ya koma ƙwal-ƙwal. Mai gyara yana goge bakin gudumar da sanfefa ya maido da siffarta, ya soka allura a kafaɗunta don ta saki, ko ya ɗiga mata ruwan taurarawa idan ta yi laushi da yawa. Aikin yini ɗaya ne, kuma yana iya sa ka kasa gane fiyanon da ka sani.

Akwai misali sananne. A situdiyon Abbey Road da ke Landan akwai wani Steinway na tsaye ƙirar 1905 da ake kira Mrs Mills, wanda mawaƙan Beatles suka yi amfani da shi. An taurara gudumominsa da gangan, amonsa ya zama mai ƙarar ƙarfe, rau-rau. Wanda ya ji shi ya ce haka Steinway take, ya yi wa masana'antar hukunci da abin da ba ita ta yi ba.

Tsayi kafin suna

Kafin ka kwatanta komai, ka auna tsayi daga ƙasa zuwa murfi. A ganina babu abin da ya kai wannan tasiri a ainihin amon fiyanon tsaye. Gajeru suna farawa daga wajen santimita 91, matsakaita suna tsakanin 110 da 120, dogaye na yau suna kai 130 zuwa 132, tsofaffin Amurka kuwa har 140 suna wucewa. Dogon fiyano yana da doguwar tsirkiya da allon amo mai faɗi. Gajere dole ne ya samu sautin ƙasa daga gajeriyar tsirkiya, hanyar kuwa ita ce a ƙara mata kauri. Tsirkiya gajera mai kauri tana da taurin kai, ƙananan sautukanta na sama ba sa zama inda ya kamata, suna ɗan haurawa. Abin da kunne ke ji shi ne kauri mai gunji wanda ba ka iya tantance ko wane sauti ne. Babu mai saitin da zai cire wannan, domin a cikin ma'aunin tsirkiyar yake.

Saboda haka kada ka jera Bechstein mai santimita 131 da Yamaha mai 109 ka ce kana gwada Jamus da Japan. Tsayi kake gwadawa. Yamaha U1 mai 121 abokin gwajinsa Kawai K-300 ne mai 122. U3 mai 131 kuwa ya tsaya da K-500 mai 130, ko Steinway K-52, ko Bechstein Concert 8. Sau da yawa dogon fiyano na matsakaiciyar masana'anta yana kayar da gajere mai babban suna a ɓangaren kauri.

Shirin gwaji

Fara da saiti. Akwai manhajojin waya na kyauta masu auna sauti. Danna A ta farko da ke sama da C ta tsakiya, wato maɓalli na 49 idan ka ƙirga daga hagu, farare da baƙaƙe. Ya kamata ta nuna girgiza 440 a daƙiƙa, ma'aunin da aka amince da shi a wani taro a Landan a 1939. Fiyanon da aka daɗe ba a saita ba yakan zame ƙasa, wani lokaci har rabin mataki, kuma tsirkiyar da ta saki amonta dishi-dishi ne. Idan mai sayarwa ya ce ba za a iya ɗaga shi zuwa 440 ba, ka nemi dalili. Wasu tsofaffi an gina su ne a kan 435, ma'aunin Faransa na 1859, kuma wannan ba aibi ba ne. Amma idan dalilin shi ne kusoshin saiti ba sa riƙewa a cikin katakonsu, ko tsirkiya na tsinkewa da an ja ta, to magana ta ƙare a nan, ko da amon ya yi maka daɗi.

Sai ɗaki. Allon amon fiyanon tsaye baya yake kallo, don haka rabin muryarsa bango yake fara bugawa. Wanda aka manna da bango ya toshe, wanda aka ja ya bar tazarar santimita 10 zuwa 15 ya buɗe. Daɓen tayil da bangon siminti suna ƙara kaifi, darduma da labule da kujeru masu laushi suna shanye shi. Idan fiyano ɗaya yana kusurwa ɗaya kuma yana tsakiyar shago, ka roƙi a matso da su wuri guda, murfi a rufe duka ko a buɗe duka, kuma a kashe janareta da fanka idan zai yiwu. Ka duba fedar tsakiya ma: a yawancin fiyanon tsaye tana sauko da wani ƙyallen ulu tsakanin guduma da tsirkiya don rage ƙara, kuma ana iya maƙale ta a ƙasa a manta.

Ka zo da kiɗa gajere guda biyu ko uku da hannunka ya saba da su sosai, ɗaya a hankali mai dogayen sautuka, ɗaya mai sauri, ɗaya mai nauyi a hannun hagu. Kunne ba ya riƙe launin amo na dogon lokaci, don haka kada ka kaɗa waƙa sukutum a nan sannan ka koma can. Kaɗa layi ɗaya, tashi nan da nan ka kaɗa shi a ɗayan, ka dawo. Ka kuma kiyayi yaudarar ƙarfi: duk wanda ya fi ƙara, shi kunne ke fara zaɓa, kuma shi ne ke fara gajiyar da kai bayan rabin awa a ƙaramin ɗaki. Idan da hali ka zo da wani ya kaɗa, kai ka tsaya nesa kaɗan ka juya baya, ba ka san wanne yake taɓawa ba. Mutane da yawa sun canja ra'ayi a wannan gwajin, domin ido yana ƙara wa babban suna zaƙin da ba ya nan. Ɗaukar sauti da waya yana taimakon tunawa, amma makirfon waya yana yanke kauri yana kuma daidaita ƙarfi da kansa, saboda haka kada ka yanke hukunci da shi.

Gwajin kansa

Ka fara daga maɓallin farko na hagu ka hau ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, da ƙarfi iri ɗaya, a hankali. Abin da kake nema shi ne inda murya ta canja farat ɗaya. Wurin da ya fi tona asirin maƙeri yana kimanin oktaf ɗaya ƙasa da C ta tsakiya, inda tsirkiyoyi masu naɗin jan ƙarfe suke ƙarewa, na zallan ƙarfe suke farawa, kuma suke komawa kan wani jakin dabam. Leƙa ciki za ka ga wurin, domin a nan tsirkiyoyin suke canja alkibla. A fiyanon da aka lissafa da kyau sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji tsallaken. A wanda aka yi wa lissafin gaggawa, sautuka uku ko huɗu na farkon ɓangaren tsakiya suna fitowa ta hanci, ko su yi holoƙo. Mai gyara zai iya rufe kaɗan daga ciki da allura, amma ba zai kawar da shi ba. Ni a nan nake fara raba masana'anta da masana'anta.

Na biyu shi ne daɗewar sauti, kuma a nan ya kamata ka ɓata lokaci. Je ka oktaf na biyu sama da C ta tsakiya, inda yawancin karin waƙa yake zama kuma inda fiyano ya fi saurin gazawa. Danna maɓalli ɗaya da matsakaicin ƙarfi, ka riƙe shi a ƙasa, ka duba agogo har sautin ya ɓace. Yi haka a sautuka huɗu ko biyar, ka rubuta, ka maimaita a ɗaya fiyanon. Wanda ke mutuwa kafin daƙiƙa biyar a wannan yanki abin tuhuma ne. Ka saurari yadda yake raguwa ma. Mai lafiya yana bugawa, ya ɗan sauka, sannan ya miƙe yana tafiya a hankali. Marar lafiya yana yin tau, sai ya faɗi rami, abin da ya rage ɗan zare ne kawai.

Idan ka samu sauti gajere, ga dabarar da masu gyara suke raba laifin guduma da laifin gini. Danna maɓallin a hankali ba tare da ya yi ƙara ba, don ɗan ulun da ke kashe amo ya ɗaga daga kan tsirkiyar, ka riƙe shi. Sannan ka fizgi tsirkiyar da ɗan roba irin na masu jita, kada ka sa yatsa, gumi yana kawo tsatsa. Idan fizgar ta ba da sauti dogo garau fiye da na bugu, allon amo da jaki lafiya suke, guduma ce ke buƙatar aiki, kuma wannan labari ne mai daɗi. Idan fizgar ma ta mutu da wuri, matsalar tana cikin allon ko jakin. Wannan gwaji na minti biyu ya fi duk abin da mai shago zai gaya maka.

Na uku, ka ɗauki sauti ɗaya a tsakiya ka buga shi sau takwas ko goma, daga raɗa har iyakar ƙarfinka. Fiyano mai kyau yana canja launi yayin da kake hawa: a ƙasa taushi, a tsakiya cika, a sama kaifi. Wani kuwa ƙara kawai yake ƙarawa, launin ɗaya ne. Wani yana fashewa tun ba a je ko'ina ba. Ka fi mai da hankali ga ƙasan: shin yana yarda ya yi magana a hankali, ko sai ya yi shiru gaba ɗaya idan ka sassauta? Sau da yawa wannan matsalar daidaita injin bugu ce, ana gyara ta, amma ka sa ta a lissafin kuɗi.

A ɓangaren kauri ka buga sautukan ƙasa ɗai-ɗai. Tsirkiya mai rai tana da gurnani da ke ci gaba. Wadda datti da tsatsa suka shiga naɗinta tana yin dum ta tsaya. Wadda naɗinta ya saki tana zuzu. Sabon jerin tsirkiyoyin kauri yana tayar da tsohon fiyano ƙwarai, in dai allonsa na da rai. Daga ƙarshe ka buga sautuka da yawa tare da hannu biyu, ka ɗaga hannun gaba ɗaya, ka ji ko shiru ya sauka nan take. Sautukan can sama, wajen ashirin na ƙarshe, ba su da abin kashe amo tun asali, don haka ɗan ƙyallinsu ba laifi ba ne.

Abin da kowane zamani ya bari

Fiyanon tsaye da yawa na farkon ƙarni na 19 ƙanana ne masu siririyar murya mai daɗi. A kan irin wannan ƙaramin Pleyel na tsaye, wanda aka aiko masa daga Faris, makaɗi Chopin ya kammala Preludes ɗinsa a Valldemossa ta tsibirin Majorca a farkon 1839. Waɗannan kayan gidan tarihi ne yanzu. Wanda za ka iya cin karo da shi a kasuwa shi ne na Ingila daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa wajen 1920, mai kyan katako, wani da wurin kafa kyandir, sau da yawa maɓalli 85. Buɗe sama ka duba abu biyu. Idan tsirkiyoyin duka a miƙe suke a jere, ba wadda ta hau kan wata, to na kauri gajeru ne. Idan kuma ka ga jerin wayoyi a tsaye a gaban gudumomi kamar keji, abubuwan kashe amonsa a sama suke, kuma ba sa kashewa da kyau. Sauti yana ta shawagi bayan ka ɗaga hannu. Wasu suna son wannan hazon. Ga mai koyo kuwa ban ba da shawararsa ba, kuma masu gyara da yawa ba sa karɓar aikinsa.

Tsarin gicciye tsirkiyoyin kauri a kan sauran, wanda Henri Pape ya fara a Faris a 1828, shi ne ya ba fiyanon tsaye kauri na gaske, domin tsirkiyar ta samu tsawo kuma jakinta ya matso tsakiyar allo. Daga wajen 1890 zuwa 1930 aka yi manyan na tsaye mafi cikar murya a Jamus da Amurka. A 1909 kaɗai Amurka ta ƙera fiyano sama da 360,000, mafi yawansu na tsaye. Mai lafiya daga cikinsu yana da zurfin da sabo mai santimita 120 ba ya kaiwa. Sai dai ka lura: muryar da kake ji yau ba ita ce ta ranar da ya fito ba. Abin da ake yabawa da sunan taushin tsohon zamani, sau da yawa gajiyar tsirkiya ce da faɗuwar allo. Gwajin fizga ne zai raba maka. Hauren giwa da ke kan maɓallan wasunsu kuma ba ya ƙara wa amo komai.

Rediyo da garmaho da karyewar tattalin arziki ta 1929 sun durƙusar da masana'antu da yawa. Waɗanda suka tsira sun fito da gajeren fiyano a tsakiyar shekarun 1930 don ya shiga ƙaramin gida. Acrosonic na Baldwin yana cikin waɗanda suka fi kyau a irinsu, amma gajarta gajarta ce, kuma injin bugunsu da aka saukar ƙasa da maɓallai yana wahalar da mai gyara. Daga shekarun 1960 Japan ta shiga kasuwannin duniya da fiyano masu daidaito wanda ba a saba gani a wannan farashi ba, Koriya ta Kudu ta biyo da Young Chang da Samick, sannan Sin. Na farko-farkon fitar Koriya da Sin ba su kai na bayansu ba, don haka shekara tana da muhimmanci a nan ƙwarai. Lambar da aka buga a jikin firam ita ce ke nuna shekarar. Yamaha da Kawai suna da jadawalinta a shafukansu na intanet.

Halin masana'antu

Bayan duk wannan tacewar, akwai abin da yake saura, kuma shi ne halin gida. Yamaha, wadda ta ƙera fiyanonta na farko a Hamamatsu a 1900, muryarta garau ce, bakin sautin a fili, daidai daga ƙasa har sama. Tana ratsa muryoyin mawaƙa da ganguna, shi ya sa coci-coci da situdiyo suke son ta. Na shekarun 1970 da 1980 da ake sayarwa na hannu sukan wuce gona da iri a kaifi, amma yawanci dankararren ulu ne. Kawai, wadda Koichi Kawai ya kafa a gari ɗaya a 1927 bayan ya yi aiki a Yamaha, ta fi duhu da zagaye, kaurinta ya fi kumbura. Ta daɗe tana sa sassan roba mai ƙarfi a injin bugunta, waɗanda ba sa kumbura da laima.

A Jamus, Bechstein ta Balin da Blüthner ta Leipzig shekara ɗaya aka kafa su, 1853, shekarar da Steinway ta buɗe a New York, amma kunnuwansu dabam. Bechstein tsabta take bi: ko ka buga sautuka shida tare kana jin kowanne. Blüthner ta fi ɗumi da rera waƙa, bakin sautinta a lulluɓe. Petrof ta ƙasar Cek, tun 1864, tana kusa da wannan ɗumin a farashi mai sauƙi, ko da yake na zamanin da gwamnati ta karɓe ta daga 1948 sai an duba su ɗai-ɗai. Bösendorfer ta Vienna kaurinta ne abin ji. Steinway kuwa gida ɗaya ne mai al'ada biyu: an daɗe a New York ana farawa da guduma mai taushi a taurara ta, a Hamburg kuma ana farawa da mai tauri a sassauta ta da allura, don haka na Amurka ya fi duhu da yalwar launi, na Jamus ya fi haske. Ga kunnena, wanda zai raka mawaƙa ya nemi haske, wanda zai zauna shi kaɗai a ƙaramin ɗaki ya nemi ɗumi.

Sunan ma sai an bincika. Boston zanen Steinway ne amma Kawai ke ƙera shi, Essex kuma Pearl River ta Guangzhou. W. Hoffmann na Bechstein ne, ana yin sa a ƙasar Cek. Yamaha ta mallaki Bösendorfer tun 2008, Pearl River ta sayi mafi yawan hannun jarin Schimmel a 2016, kuma ƙananan samfuran Yamaha da Kawai da yawa a Indunusiya aka haɗa su. Akwai kuma sunaye masu kama da na Jamus da ake mannawa a fiyanon da bai taɓa ganin Jamus ba. Ka tambayi samfurin da masana'antar da ta yi shi.

Hunturu

Ga mai saye a ƙasar Hausa akwai ƙarin abu ɗaya da zai iya rushe duk kwatancin. Fiyano yana son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram, hunturu yana saukar da ita ƙasa da kashi 20, damina kuma ta haura da ita sama sosai. A rani allon amo yana tsukewa, doronsa ya sauka, sauti ya zame ƙasa ya gajarce, allon yana iya tsagewa, kusoshin saiti su saki. A damina ya kumbura, tsakiyar fiyanon ta haura, maɓallai su riƙa maƙalewa. Yawancin fiyanon da ke shigowa na hannu ne, daga Japan ko Turai, sun sauka a Legas ko Kwatano inda iska ke da laima, kuma muryar da ka ji a can ba lalle ce za ka ji a Janairu a arewa ba. Tsohon na Turai mai shekara ɗari shi ya fi shiga haɗari. Saboda wannan, allon amo na haɗi mai falle-falle, wanda masana ke ɗan rainawa don bai kai na zallan itace zaƙi ba, yana da hujja a wurinmu, domin ba ya saurin tsagewa.

Idan fiyano ya iso, ka ajiye shi a bangon ciki, nesa da taga da rana da bakin na'urar sanyaya ɗaki, ka rufe shi saboda ƙura, ka riƙa duba gara da ɓera da asu, su ne masu cinye katako da ulu. Ka ba shi makonni uku ko huɗu ya saba da ɗakin kafin a saita shi, sannan a riƙa saita shi sau biyu a shekara, bayan hunturu ya kama da kuma bayan damina ta zauna. Tun kafin ciniki kuma, ka nemi mai gyaran fiyano wanda ba yaron shagon ba ne, ka biya shi ya raka ka, ka sa a saita duka fiyanon da kake gwadawa a rana ɗaya. Idan mai sayarwa ya ƙi yarda a saita ko a buɗe ciki, ka riƙe kuɗinka ka je wani shagon.